Kamfanonin ƙera na'urori da manhajar PLM: Darasi daga jirgin A380

Kamfanin da kasuwarsa ta buɗe farat ɗaya kan wayi gari bai san wane zane ne na gaskiya ba daga cikin zane-zanen abin da yake ƙerawa. Akwai manhajar kwamfuta da aka yi domin wannan matsala, to amma abin da ya samu kamfanonin Airbus da General Motors ya nuna cewa sayenta kaɗai ba ya wadatarwa.

A tsakiyar shekarun 2000, ma'aikatan kamfanin Airbus da ke haɗa jirgin sama samfurin A380 a birnin Toulouse na kudancin Faransa sun gamu da wata matsalar da babu wanda ya yi zatonta. An kawo musu sassan gangar jirgin daga masana'antar kamfanin da ke birnin Hamburg na Jamus, amma da suka zo jona wayoyin lantarkin wannan sashe da na wancan, sai suka tarar wasu wayoyin ba su kai ba. A wasu wuraren gibin bai wuce 'yan santimitoci ba.

Shi dai A380, wanda shi ne jirgin fasinja mafi girma a duniya, yana ɗauke da wayoyi kimanin dubu 100, waɗanda in aka miƙe su tsawonsu ya haura kilomita 500, wato ya fi nisan Kano zuwa Abuja ta hanyar mota. Kuma a jirgin sama ba a yi wa waya ƙari da ɗan guntu a naɗe da salatif kamar yadda ake yi a gida. 

Daga bisani an gano cewa ɗaya daga cikin manyan musabbaban matsalar shi ne, injiniyoyin kamfanin a Jamus da Sifaniya suna zane da tsohon zubin wata manhaja mai suna CATIA, wato zubi na 4, alhali takwarorinsu na Faransa da Birtaniya sun koma zubi na 5. Zubin biyu ba sa karanta bayanan juna yadda ya kamata, don haka sauye-sauyen da aka yi a wani ɓangare ba su riƙa bayyana daidai a ɗaya ɓangaren ba. Kowa yana aiki tuƙuru, amma ba a kan zane guda ba.

Airbus babban kamfani ne, to sai dai irin wannan ciwo shi ne ke kama ƙananan kamfanoni masu ƙera agogon zamani da kyamara da fitilun sola da zarar ciniki ya haɓaka. Shi ya sa da yawa daga cikinsu kan kai wani matakin da dole su yanke shawara game da abin da ake kira manhajar PLM.

Mece ce manhajar PLM?

Haruffan uku taƙaitawa ne na wani suna na Ingilishi da ke nufin kula da kaya tsawon rayuwarsa, tun daga ranar da aka fara tunanin ƙera shi, zuwa zane da gwaji da ƙira da sayarwa da gyara, har ya zuwa ranar da aka daina yinsa.

Manhajar ta bambanta da wadda injiniya ke zane da ita, kazalika ta bambanta da wadda akawu ke lissafin kuɗi da kayan sito da ita. Tana zaune ne a tsakaninsu, kuma manyan ayyukanta uku ne.

Na farko, ita ce rumbu guda da ake ajiye dukkan bayanan kayan, ta yadda injiniya da mai sayayya da masana'antar da ke wata ƙasa za su riƙa duba abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Na biyu, tana riƙe da jerin kayan haɗi. Wayar salula, alal misali, tana ƙunshe da ɗaruruwan ƙananan kayayyaki, daga gilashi da batir da kyamara har zuwa 'yan ƙananan notuna. Kowane ɗaya yana da lambarsa da zubinsa da sunan kamfanin da ke sayar da shi, da kuma wanda za a iya sawa a madadinsa in ya yi wuya a kasuwa. Jerin kan amsa tambayoyi biyu: me da me ke cikin wannan na'ura, sannan a waɗanne na'urori aka yi amfani da wannan abu?

Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin, tana lura da duk wani canji. Idan injiniya yana son sauya wani abu, sai ya rubuta buƙata ya bayyana dalili. Manhajar ta aika wa waɗanda abin ya shafa, kamar mai kula da inganci da mai sayayya da shugaban masana'anta, kowa ya duba ya sa hannu. Daga nan sai a rubuta ranar da canjin zai fara aiki da abin da za a yi da tsofaffin kayan da ke sito, ko a ƙarar da su, ko a gyara, ko a zubar. Ko bayan shekaru goma ana iya komawa a ga wanda ya canza me, da yaushe, da kuma dalilinsa.

Inda matsalar ke farawa

Sabon kamfani ba ya bukatar duk wannan. Injiniyoyi biyar da ke zaune a ɗaki guda, in ɗaya ya canza abu sai ya juya ya faɗa wa sauran. Jerin kayan haɗi yana cikin jadawalin Excel, zane-zane kuma ana tura su ta imel. Wannan hanya tana da sauri, ba ta kuma cin kuɗi.

Amma ciniki kan sauya al'amura cikin 'yan makonni. A watan Afrilun 2012, wani ƙaramin kamfani a jihar California mai suna Pebble ya nemi jama'a su tara masa dala dubu 100 ta shafin Kickstarter domin ya ƙera agogon hannu mai haɗuwa da wayar salula. Kafin a rufe, mutane kusan dubu 69 sun zuba fiye da dala miliyan 10. Kamfanin da ya shirya ƙera agogo kaɗan ya wayi gari ana binsa bashin dubun dubata, kuma kayan da aka yi alkawarin fara aikawa a watan Satumban shekarar ba su fara fita ba sai a watan Janairun 2013.

A irin wannan yanayi ne tsohuwar hanya ke gazawa. Akasarin irin waɗannan kamfanoni ba su da masana'antar kansu, suna bayar da kwangilar ƙira ne ga masana'antu a birnin Shenzhen na China ko wasu sassan Asiya, inda bambancin lokaci da California ya kai sa'o'i 15 zuwa 16. Ma'aikata sun ƙaru daga biyar zuwa ɗari, samfuri ɗaya ya zama huɗu, kowanne da launukansa da irin filogin da ƙasar da za a kai shi ke amfani da shi. Jadawalin Excel guda ya haihu ya zama goma, wani an sa masa suna na ƙarshe, wani kuma na ƙarshen ƙarshe. Ranar da mai sayayya ya ɗauki tsohon jadawali ya yi odar kaya dubu hamsin da aka riga aka daina amfani da su, ranar ce kamfanin kan gane halin da yake ciki.

A nan ne kuma bambancin mai ƙera na'ura da mai rubuta manhaja yake fitowa fili. Wanda ya yi kuskure a manhajar waya yana iya gyarawa cikin dare, washegari kowa ya sauke sabon zubi. Wanda ya yi kuskure a na'ura kuwa, kayansa na cikin kwantena a kan teku, ko ma suna hannun jama'a. Ƙarfen da ake zuba roba a ciki domin ta ɗauki siffar na'ura shi kaɗai kan ci dubban daloli da makonni da dama kafin a sassaƙa wani.

A farkon 2014 kamfanin Fitbit, wanda a lokacin kasuwarsa ke bunƙasa ƙwarai, ya janye kimanin guda miliyan ɗaya na abin ɗaurawa a hannu samfurin Force, bayan da dubban mutane suka koka da ƙaiƙayi da ƙuraje a fatarsu. Kamfanin ya danganta lamarin da gam ɗin da aka yi amfani da shi da kuma ƙarfen nikel. A rana irin wannan, tambayar farko ita ce wane abu ne ya jawo, a waɗanne samfura aka sa shi, kuma tun daga yaushe. Kamfanin da ke da ingantaccen kundi zai amsa cikin sa'o'i, wanda ba shi da shi kuwa sai ya yi ta lalube.

Asalin tsarin

Ana yawan danganta farkon wannan tsari da kamfanin motoci na American Motors, wanda a tsakiyar shekarun 1980 ya ga ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da manyan kamfanonin birnin Detroit. A ƙarƙashin jagorancin injiniya François Castaing, ɗan asalin Faransa, kamfanin ya koma zane da kwamfuta, ya kuma tattara dukkan zane-zane da takardu a rumbu guda domin a gaggauta aiki. Da wannan hanya aka fara aikin motar Jeep Grand Cherokee, kuma bayan da Chrysler ya sayi kamfanin a 1987 sai ya faɗaɗa tsarin zuwa sauran sassansa.

Kamfanin Boeing ya ɗaga al'amarin zuwa wani mataki da jirginsa samfurin 777, wanda ya fara tashi a 1994, kuma shi ne jirgin fasinja na farko da aka zana baki ɗayansa a kwamfuta.

Manyan masu sayar da manhajar sun haɗa da Dassault Systèmes na Faransa, mai CATIA da ENOVIA, da Siemens na Jamus mai Teamcenter, wanda ya same ta lokacin da ya sayi kamfanin UGS a 2007 a kan dala miliyan dubu 3 da rabi, sai kuma PTC na Amurka mai Windchill. Da farko sai manyan kamfanonin motoci da jiragen sama ne ke iya ɗaukar nauyinta, saboda tana bukatar manyan kwamfutoci da ƙwararrun da za su ɗauki dogon lokaci suna girka ta. Abin da ya buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofa shi ne fitowar irin wadda ake shiga ta intanet ana biyan kuɗin haya gwargwadon yawan masu amfani. Ɗaya daga cikin na farko a wannan fanni shi ne kamfanin Arena da aka kafa a shekara ta 2000, wanda PTC ya saya a farkon 2021 a kan dala miliyan 715.

Yadda ake shigar da ita

Girka manhajar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen abin da za a zuba a cikinta.

Mataki na farko shi ne tsabtace tsofaffin bayanai. A nan ne akan gano cewa noti guda yana da lambobi uku saboda injiniyoyi uku kowa ya raɗa masa tasa, ko kuma abubuwa biyu mabambanta suna da lamba ɗaya. Idan aka kwashi wannan ruɗani aka zuba a sabuwar manhaja, to an sauya masa mazauni ne kawai, kuma zai fi yin ɓarna domin yanzu kowa ya yarda da shi.

Mataki na biyu shi ne a daidaita kan ƙa'idar lamba. Ƙa'idar da masana'antu suka daɗe suna bi ita ce, duk canjin da ya taɓa siffar abu, ko yadda yake zama a mazauninsa, ko aikin da yake yi, ta yadda ba za a iya musanya sabo da tsoho ba tare da wani bambanci ba, to wajibi ne a ba shi sabuwar lamba. Ƙaramin gyara kamar kuskuren rubutu a jikin zane kuwa, sai a bar lambar a ƙara harafin zubi.

Mataki na uku shi ne a tsayar da wanda ke da ikon amincewa da canji. Wannan magana ce ta mulki, shi ya sa takan jawo ka-ce-na-ce. Injiniyan da ya saba ɗaga waya ya umarci masana'anta ta canza abu yanzu an ce sai ya jira sa hannun mutane huɗu. Idan aka tsananta ƙa'ida fiye da kima, injiniyoyi kan koma ta bayan fage su ci gaba da tura zane ta imel, manhajar ta zama kundin da ake cikawa bayan an gama aiki. Idan kuma aka sassauta ƙwarai, sa hannun ya zama al'ada kurum, kowa ya danna ba tare da ya karanta ba. Abin da kamfanoni da dama ke yi shi ne su saki mara a lokacin gwaje-gwaje, sannan su ɗaure tamau daga ranar da aka miƙa zane ga masana'anta.

Mataki na huɗu shi ne a shigar da na waje, wato masana'antar da ke ƙira da masu kawo kaya, a ba kowa damar ganin abin da ya shafe shi kawai domin kada sirrin kamfani ya fita. Sannan a haɗa manhajar da ta lissafi da sayayya, ta yadda ba sai wani ya zauna yana kwafar lambobi da hannu daga wannan zuwa waccan ba.

Mataki na ƙarshe, wanda shugabanni suka fi jin nauyinsa, shi ne a sa ranar da za a rufe tsohuwar hanya. Muddin aka bar biyun suna tafiya tare, to an koma gidan jiya, domin za a sake samun zane biyu kowanne yana da masu cewa shi ne na gaskiya.

Asarar da Airbus ya tafka

Wannan mataki na ƙarshe shi ne Airbus bai ɗauka a kan lokaci ba. An kafa shi ne a 1970 a matsayin ƙawancen kamfanonin ƙasashen Turai, kuma sai a 2001 ya zama kamfani guda. A lokacin kasuwarsa na haɓaka sosai, har ma a 2003 ya miƙa wa masu saye jirage fiye da Boeing a karon farko. To amma a ƙarƙashin suna ɗaya, masana'antun Faransa da Jamus da Birtaniya da Sifaniya kowacce ta ci gaba da riƙe al'adarta da kayan aikinta. Sauya manhaja yana nufin kashe kuɗi da sake horar da injiniyoyi a daidai lokacin da ake gaggawar fitar da sabon jirgi, ga kuma batun kishin ƙasa, inda babu ɓangaren da ke son a ce ya bi tsarin wani.

Wasu abubuwa biyu sun ƙara dagula lamarin. An yi amfani da wayoyin alminiyam da yawa a maimakon na tagulla domin rage nauyi, su kuma ba sa lanƙwasuwa kamar na tagulla. Bugu da ƙari, kowane kamfanin sufuri ya nemi a tsara masa cikin jirgin yadda yake so, abin da ya sa canje-canjen wayoyi suka yi ta ƙaruwa.

Jirgin ya yi tashinsa na farko ranar 27 ga watan Afrilun 2005, amma sau uku ana ɗage ranar miƙa shi. Da aka sanar da jinkiri na biyu a watan Yunin 2006, darajar hannun jarin EADS, uwar kamfanin Airbus, ta faɗi da kimanin kashi 26 cikin ɗari a rana guda. A watan Yuli Noël Forgeard, ɗaya daga cikin shugabannin EADS biyu, da shugaban Airbus Gustav Humbert suka yi murabus, wanda ya gaji Humbert kuma, Christian Streiff, ya ajiye aiki bayan kimanin watanni uku. EADS ya ƙiyasta cewa jinkirin zai rage masa riba da Euro miliyan dubu 4 da miliyan 800 zuwa 2010. Kamfanonin FedEx da UPS sun soke odar da suka yi ta samfurin ɗaukar kaya, kuma a watan Fabrairun 2007 aka sanar da shirin rage guraben aiki dubu 10.

Sai a watan Oktoban 2007 kamfanin Singapore Airlines ya karɓi jirgin farko, kusan shekaru biyu bayan lokacin da aka tsara. Da Airbus ya zo ƙera A350, wanda ya fara tashi a 2013, ya wajabta wa masana'antunsa da manyan 'yan kwangilarsa aiki da kayan zane iri ɗaya a kan samfurin kwamfuta guda.

Canjin da ba a sauya wa lamba ba

Idan labarin Airbus ya nuna illar rashin tsari guda, na General Motors ya nuna cewa ko da tsarin yana nan, ba ya sanin abin da ba a faɗa masa ba.

Wasu ƙananan motocin kamfanin, ciki har da Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, sun fito da makunnin da bai da ƙarfin riƙe makulli. Nauyin tarin makullai ko bugun gwiwar direba na iya juya shi ana cikin tafiya, injin ya mutu, sitiyari da birki su yi tauri, jakar iskar da ke kare direba kuma ta ƙi buɗewa idan an yi karo.

A 2006 wani injiniyan kamfanin ya amince a gyara makunnin ya ƙara ƙarfi, amma ba a sauya masa lamba ba. A sakamakon haka, a cikin kundin kamfanin tsohon makunni da sabo abu ɗaya ne. Masu binciken kamfanin sun shafe shekaru suna mamakin dalilin da ya sa matsalar ta fi yawa a tsofaffin motoci, alhali takardu sun nuna musu cewa babu abin da ya canza. Sai a 2013 wani injiniya da lauyan iyalan wata mata da ta rasu a haɗari a jihar Georgia ya ɗauka ya sayo makunnai tsofaffi da sababbi, ya kwance su ya auna, ya ga bambancin.

A 2014 kamfanin ya janye motoci kimanin miliyan 2 da dubu 600. Rahoton da lauya Anton Valukas ya gabatar a watan Yunin shekarar ya sa shugabar kamfanin Mary Barra ta sallami ma'aikata 15. Asusun diyya da aka kafa ya amince da mutuwar mutane 124, kuma a 2015 kamfanin ya yarda ya biya gwamnatin Amurka tarar dala miliyan 900. General Motors bai rasa kwamfutoci ko manhajoji na zamani ba. An karya ƙa'idar lamba ne sau ɗaya, kuma babu wanda ya tare.

Matsin lambar dokoki da kasuwa

Ko da kamfani bai ga dama ba, dokokin ƙasashe na tura shi ga wannan tsari. A 2001 hukumomin ƙasar Holland sun tsare na'urorin wasa na PlayStation kimanin miliyan 1 da dubu 300 na kamfanin Sony, saboda an samu sinadarin kadmiyam fiye da ƙima a cikin wayoyin da ke tare da su. Daga watan Yulin 2006 kuma Ƙungiyar Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma da zaiba da kadmiyam da wasu sinadarai a kayan lantarki. Mai son sayar da na'ura a can dole ya iya nuna abin da ke cikin kowane ɗan ƙaramin abu da ya haɗa ta da shi. Wata dokar da ƙungiyar ta zartar a 2023 ta tanadi cewa daga watan Fabrairun 2027 baturan motocin lantarki da manyan baturan masana'antu za su riƙa zuwa da wani kundin intanet mai bayyana asalinsu da abin da suka ƙunsa.

Ita ma kasuwa ta koyar da nata darasin. A lokacin annobar korona an yi fama da ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin nan da ke zama ƙwaƙwalwar kayan lantarki, har masana'antun motoci da dama suka dakatar da aiki a 2021. A watan Yulin shekarar shugaban kamfanin Tesla Elon Musk ya bayyana cewa sun riƙa sa wasu na'urorin a madadin waɗanda suka yi wuya, suna sake rubuta manhajar da ke tafiyar da su cikin 'yan makonni. Irin wannan sauyi ba ya yiwuwa cikin aminci sai ga wanda ya san ainihin inda ya sa kowane abu.

Yaushe ya kamata a fara?

Babu wani adadin ma'aikata ko na kuɗin shiga da za a ce daga nan ne. Kamfanin da ya yi gaggawar ɗora wa injiniyoyi biyar tsari mai nauyi zai kashe kuɗi da lokacin da ya fi bukata wajen gano ko ma akwai mai sayen kayansa. Wanda ya yi jinkiri kuma zai zo yin aikin a lokacin da ya fi kowane lokaci wahala, ga oda ta yi yawa, ga bayanai sun cakuɗe, ga ma'aikata sun saba da wata hanya.

Sai dai akwai alamomin da ba sa ɓuya. Idan aka fara miƙa ƙira ga masana'antar waje, ko samfura suka fara amfani da kayan haɗi iri ɗaya, ko aka taɓa ƙera kaya da tsohon zane, ko kuma ya kasance mutum ɗaya ne kawai a kamfanin ya san wane jadawali ne na gaskiya, to lokaci ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙa'idar lamba da ta sa hannu ana iya fara su tun ana kan Excel, kafin a sayi kowace irin manhaja.

Abin da ya shafi mai saye

Mai saye ba ya ganin wannan kundi, amma yana cin gajiyarsa ko ya ɗanɗana rashinsa. Masu gyaran waya sun san yadda wayoyi biyu masu suna ɗaya kan ƙi karɓar gilashi ɗaya, saboda an canza wani abu a tsakiyar ƙira, kuma sai an duba 'yar lambar da ke ciki kafin a san wanda ya dace.

Haka nan idan kamfanin motoci ya sanar da janye wasu motoci, daga irin wannan kundi ne ake fitar da jerin waɗanda abin ya shafa. Motoci da yawa da ake shigowa da su Najeriya da Nijar na hannu ne daga Amurka da Turai, kuma wasiƙar gargaɗi ba ta biyo su. Ga motar da ta fito daga Amurka, hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, tana da shafin intanet da mutum zai sa lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ya ga ko akwai wani gyaran da aka yi kira a yi wa motar wanda ba a yi ba, kuma binciken kyauta ne.